Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Shara da Muhalli Kan Ƙarafa Masu Guba a Ruwan Juji

Zuwa ga shugabannin hukumomin kwashe shara, da ma'aikatun muhalli, ruwa da lafiya, da shugabannin biranen da ke da juji a ƙarƙashin kulawarsu.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto muku wannan wasiƙa ma'aikata ne a fannin gina wuraren binne shara, gwajin ruwa da ƙasa, da kiwon lafiyar al'umma. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne baƙin ruwan nan mai wari da ke tsiyayowa daga gindin juji. In ana maganar shara, hankalin hukuma kan tafi ga abin da ido ke gani: tulin leda, hayaƙi, ƙudaje, da motar kwasa da ba ta zo ba. Ruwan juji ba ya shiga lissafi, domin mafi yawansa nutsewa yake yi a ƙasa ba tare da kowa ya gan shi ba. Alhali ta cikinsa ne dalma, kadmiyam, zaiba, kromiyam da arsanik ke barin juji su nufi rijiyoyin mutane da gonakinsu.

Ragowar abinci tana ruɓewa, ƙwayoyin cuta suna mutuwa, amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Kilo ɗaya na dalma da aka zubar bana yana nan kilo ɗaya bayan shekara ɗari, wurin zamansa kawai ke sauyawa. Don haka duk wanda aka danƙa wa juji, rumbun ƙarafa masu guba aka danƙa masa, kuma abubuwa biyu ne ke yanke hukunci ko za su zauna ko za su fita: ruwan da ke shiga jujin, da iskar da ke ratsa shi. Duka biyun suna hannunku.

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta sharar birane a duniya da tan biliyan 2.01 a shekara, ya kuma nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 93 cikin 100 a fili ake jibge ta. Tarkacen kayan lantarki kaɗai ya kai tan miliyan 62 a 2022, bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne aka tabbatar an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida.

Ƙarafan nan kuwa sanannu ne inda suke fitowa. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, tana kuma zaune tare da ruwan batir mai ci wanda ke taimaka mata narkewa. Gilashin tsofaffin talabijin da kwamfutoci masu ƙaton baya kan ɗauki kilo guda na dalma ko fiye, ga kuma wadda ake liƙa wayoyi da ita a allunan lantarki, ga ta tsohon fenti. Kadmiyam na zuwa daga tsofaffin batura masu caji, da wasu launuka da robobi. Zaiba na cikin dogayen ƙwayayen lantarki, 'yan miligiram a kowanne, da ma'aunin zafin jiki na gilashi wanda kan ɗauki rabin giram zuwa giram guda. Kromiyam na fitowa daga majema da masana'antun da ke yi wa ƙarfe wanka, arsanik kuma daga katakon da aka yi wa maganin gara da wasu tsofaffin magungunan ƙwari. A nauyi, waɗannan kaya kaso ƙalilan ne na abin da mota ke juyewa, amma a cikinsu mafi yawan gubar take. Wannan albishir ne ga hukumar da ba ta da kuɗi da yawa, za mu kuma dawo kansa.

Juji tamkar jiƙo ne, gwargwadon ruwan da aka zuba masa gwargwadon abin da zai tsiyayo. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Jujin da ya ci hekta 10 a yankin da ke samun milimita 1,000 a shekara yana karɓar lita miliyan 100. Ko da rubu'i kawai ya ratsa sharar ya fito, lita miliyan 25 ke nan na baƙin ruwa duk shekara. Kowannenku zai iya yin wannan lissafi da faɗin jujinsa da ruwan saman yankinsa kafin ya tashi daga ofis yau, sannan ya tambayi ma'aikatansa ina wannan ruwa yake tafiya.

Akwai wani bayani da ba ma son a tsallake, domin rashin fahimtarsa ne ke sa wasu su razana fiye da kima, wasu kuma su saki jiki. Shara da aka binne tana bin matakai. Da farko ƙwayoyin halitta na cinye iskar da ke ciki cikin kwanaki ko makonni. Daga nan sai matakin tsami: ruɓa na haifar da sinadarai masu tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko zuwa wajen 5 ko 6, kuma a wannan lokaci ne ƙarafa suka fi narkewa su bi ruwa. Bayan watanni ko 'yan shekaru sai ƙwayoyin halitta masu samar da iskar metan su karɓi aiki, pH ya haura 7.5, sinadarin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya kama dalma, kadmiyam, tutiya da zaiba ya daskarar da su. Shi ya sa a wurin binne shara da aka gina da kyau aka kuma rufe, sau da yawa gwaji kan nuna ƙarafa kaɗan ne a ruwan, kuma ɗan kaso ne na abin da aka binne ke fita cikin shekarun farko. Wannan gaskiya ne, ba ma musunsa.

Sai dai wannan ɗauri yana da sharaɗi, shi ne kada iska ta shiga. Buɗaɗɗen juji bai taɓa cika sharaɗin ba. Kullum ana zuba sabuwar shara, don haka kullum akwai sashen da ke matakin tsami. Ana tona shi, ana ture shi da katafila, rani na busar da shi ya tsattsage, iska ta shiga ta warware abin da salfaid ya ɗaure, damina ta zo ta wanke. Wuta ta fi kowanne ɓarna. Ƙona shara na rage tuli a ido, amma tana tattara ƙarafa a cikin toka mai laushi wadda ruwa da iska ke ɗauka cikin sauƙi, zaiba kuma ta tashi cikin hayaƙi mutane su shaƙa. In aka zo kashe wutar da tankokin ruwa, an ƙara wa jiƙon ruwa ke nan. Wutar juji da ƙasa ake danne ta.

Arsanik nasa halin daban ne, kuma shi ke yaudarar masu bincike. Ƙwayoyin yashi da duwatsun ƙarƙashin ƙasa na lulluɓe da wata 'yar tsatsa ta ƙarfe, wadda a wurare da yawa take riƙe da arsanik na asalin halitta. Idan ruwan juji mai ɗauke da ruɓa ya isa can ya ƙarar da iskar da ke cikin ruwan ƙasa, tsatsar na narkewa ta saki abin da ta riƙe. Sai a tarar da arsanik a rijiyar da ke ƙasa da juji ko da babu shi sosai a cikin sharar. Alamar da mutanen unguwa kan fara gani ita ce ruwan da ke fitowa garau daga rijiya ya koma ja ko ruwan ƙasa bayan ya ɗan zauna a bokiti, ya bar tabo a jikin kwano da farin tufafi. Ma'aikacin da aka kawo wa irin wannan ƙorafi daga kusa da juji kada ya sallami mai shi da cewa tsatsar bututu ce.

Saurin tafiyar gurɓataccen ruwa ya danganta da ƙasar wurin. A yumɓu 'yan santimita yake ci a shekara, a yashi da tsakuwa yana iya cin kusan mita guda a rana, a dutse mai tsaguwa kuma ya fi haka sauri, ba ya kuma bin hanyar da ake zato. Mafi munin wurin zubar da shara shi ne tsohon ramin da aka haƙi yashi ko dutse, domin an riga an cire murfin da ke kare ruwan ƙasa, wani lokaci ma sharar a cikin ruwan take zaune tsundum. Abin takaici, irin waɗannan ramuka ne aka fi zaɓa, saboda ba a biyan diyyar fili. Ƙa'idojin Bankin Duniya na 2007 kan wuraren sarrafa shara sun nemi gindin wurin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da ƙololuwar da ruwan ƙasa ke kaiwa, gidaje su yi nisan fiye da mita 250, rafi mai gudu duk shekara mita 300, rijiyar sha ko ban ruwa ko shayar da dabbobi da ke ɓangaren gangaren ruwa kuma fiye da mita 500.

Game da lafiya, za mu fi tsayawa kan dalma, domin yara take fi ci. Ƙaramin yaro na tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsewa daga dalmar da ya haɗiya, yaron da ke da ƙarancin sinadarin ayon ko kalsiyam a jiki kuma ya fi haka. Tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana girma: raguwar fahimta, rashin natsuwa, jinkirin magana, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Idan ta yi yawa sai ciwon ciki, amai, ƙarancin jini, jijjiga, suma, har mutuwa. Jiki na ajiye ta a ƙashi da haƙora gomman shekaru, sannan ta fito cikin jini lokacin da mace ke da juna biyu ta isa ga ɗan tayi. A manya tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. A 2020 UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kusan miliyan 800, na da maikrogiram 5 ko fiye na dalma a kowace desilita ta jini (maikrogiram shi ne ɗaya cikin miliyan na giram, desilita kuma ɗaya cikin goma na lita). Ba duka daga juji ba ne, amma fasa batir barkatai na cikin manyan dalilai. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda ƙasar unguwarsu da fasa batura ya cika da dalma.

Kadmiyam a ƙoda yake taruwa, kuma sai an yi shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Yana sa ƙoda zubar da furotin da kalsiyam, ƙashi ya yi laushi ya riƙa karyewa, kamar yadda aka gani a yankin Toyama na Japan inda gurɓataccen ruwan mahaƙar ma'adinai ya shiga gonakin shinkafa. Zaiba idan ta kwanta a lakar tafki ko rafi, ƙwayoyin halitta na mayar da ita nau'in da ke taruwa a jikin kifi, babban kifi ya fi ƙarami, ta kuma lalata jijiyoyi da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Wannan illa ita ce cutar Minamata da aka gano a garin Minamata na Japan a 1956, wadda yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 ta ɗauki sunanta. Arsanik na fara bayyana da baƙaƙen tabo a fata da kaurin tafin hannu da na ƙafa, bayan shekaru kuma ciwon daji na fata, huhu ko mafitsara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya arsanik, kadmiyam da kromiyam nau'i na shida, wato nau'insa da ya fi guba, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi.

Ba ta ruwan sha kaɗai suke shiga jiki ba. Manoman da ke ban ruwa daga rafin da ke wucewa ta gindin juji, da masu kwasar baƙar ƙasar juji a matsayin taki, suna kai ƙarafan gona da hannunsu, kuma kayan lambu masu ganye sun fi saurin zuƙar kadmiyam. Iyakar da hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa wa ganyayyaki ita ce miligiram 0.2 na kadmiyam da 0.3 na dalma a kilo. Dabbobin da ke kiwo a juji na tara su a hanta da ƙoda. Kuma ya kamata a gaya wa jama'a ƙarara cewa tafasa ruwa ba ya cire ƙarfe, ƙara masa ƙarfi ma yake yi tun da ruwan ke ƙonewa, haka sinadarin kulorin ba ya taɓa shi. Iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya a kowace lita ta ruwan sha su ne maikrogiram 10 na dalma, 10 na arsanik, 3 na kadmiyam, 6 na zaiba, 50 na kromiyam, 70 na nikel. Giram ɗaya na dalma da ya narke ya isa ya kai lita 100,000 ga wannan iyaka. A wannan mataki ruwa ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano.

Wannan ya kawo mu ga awo, inda muka fi ganin ana asarar kuɗi ana kuma samun kwanciyar hankali ta ƙarya. Mafi ƙarancin abin da ake buƙata shi ne rijiyar sa ido ɗaya a sama da juji ta ɓangaren da ruwan ƙasa ke fitowa, da biyu a ƙasa da shi. Babban juji na buƙatar fiye da haka. Kafin a haƙa sai an auna zurfin ruwa a rijiyoyi uku aƙalla don a san inda yake gangarawa, domin ba kullum yake bin gangaren saman ƙasa ba. A sa bututun roba, kada a sa na ƙarfe mai wankan tutiya, don shi kansa yana zubar da tutiya da dalma cikin samfur. A toshe kewayen bututun da yumɓun bentonait har sama, in ba haka ba rijiyar da kanta za ta zama hanyar da dagwalon sama zai bi ya sauka.

Ranar ɗiban samfur, a fara zuƙe ruwan da ya kwana a rijiyar, kamar ninki uku na abin da take ɗauka, ko a ja a hankali har pH da ma'aunin gishiri su daina motsi. A ɗiba a robar da aka wanke da asid. A ɗebi kwalba biyu, ɗaya a tace ta nan take da matacin maikron 0.45, ɗaya a bar ta yadda take, domin kaso mai yawa na ƙarafan na tafiya ne a manne da ƙananan ɓarɓashi, kuma masu shan ruwan ba tacewa suke yi ba. A ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen zai manne a jikin kwalbar, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Samfurin kromiyam nau'i na shida ba a sa masa asid, a sanyaya shi a kai ɗakin gwaji da gaggawa. Na zaiba kada ya wuce kwana 28. A haɗa da kwalbar tsabtataccen ruwa da aka buɗe a wurin, da samfur guda da aka raba biyu ba tare da an gaya wa ɗakin gwaji ba, don a gane ko aikinsu na da inganci.

Sannan, ranku ya daɗe, idan aka kawo muku takarda an rubuta "ba a gano ba", ku tambayi mafi ƙanƙantar adadin da na'urar ke iya gani. Na'urar auna ƙarafa da ake kira AAS mai aiki da harshen wuta sau da yawa ba ta ganin dalma sai ta kai gomman maikrogiram a lita, wato tana iya cewa babu alhali ruwan ya ninka iyaka sau uku. Gwajin ruwan sha na buƙatar na'urorin da suka fi ta gani, wato ICP-MS ko AAS mai murhun girafait, zaiba da arsanik kuma suna da nasu hanyoyin na musamman. A yi awon aƙalla sau biyu a shekara, tsakiyar damina da ƙarshen rani, zai fi kyau duk wata uku. Akwai kuma gargaɗi mai araha: kuloraid da amoniya sun fi ƙarafa saurin tafiya a ƙasa, su ke fara isa rijiya. Ƙaramar na'urar hannu mai auna narkakken gishiri za ta nuna hauhawarsu tun kafin ƙarafan su iso. Ma'aikaci ɗaya zai iya zagaya rijiyoyi masu yawa da ita a wuni guda, ya rubuta a littafi duk wata.

Ga sabon wurin binne shara, ma'aunan ba ɓoyayyu ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta nemi shimfiɗar yumɓu mai kaurin mita 1 ga sharar gida, mita 5 ga shara mai haɗari, mai matsewar da ruwa ba ya ratsa shi fiye da kusan santimita 3 a shekara, da shimfiɗar tsakuwa ta rabin mita a sama. Dokar Amurka ta 1991 ta nemi yumɓu santimita 60 da shimfiɗar robar HDPE mai kaurin milimita 1.5 a kansa, ruwan da ke kwance a kan robar kada ya wuce santimita 30, a rufe sharar kowace rana da ƙasa santimita 15, a ci gaba da sa ido shekara 30 bayan rufewa. A takarda kowa na iya rubuta wannan. A fili ne ake faɗuwa. Yumɓu ana daɓe shi ne hawa-hawa, kamar santimita 15 kowane hawa, da ɗan danshi. In aka bar shi a rana kwana biyu ya tsage, aikin ya tashi a banza. Roba kan huje ne a wurin ɗinki, ko ta tsinin dutse, ko ta tayar mota, don haka sai an gwada kowane ɗinki da matsin iska, a shimfiɗa mata kariya kafin a zuba tsakuwa, a kuma bi ta da na'urar lantarki mai gano huji bayan an zuba. Motocin farko su kawo shara mai laushi, ba ɓaraguzan gini da rodi ba. Tsakuwar kada ta zama ta dutsen farar ƙasa, ruwa mai tsami na cinye ta. Bututan tattara ruwa na toshewa da ƙanzon kalsiyam da yauƙin ƙwayoyin halitta, saboda haka a yi musu gangare na kashi 1 zuwa 2 cikin 100, a bar musu baki a waje inda za a riƙa wanke su da ruwa mai ƙarfi. Famfon da ya lalace aka bar shi wata guda na iya tara ruwa mita da yawa a cikin tulin, wanda ke ƙara yoyo, ya kuma raunana tulin kansa. Zaftarewar juji ta kashe mutane sama da 200 a Payatas ta Filifin a 2000, da sama da 100 a Koshe ta Adis Ababa a 2017.

Tattara ruwan rabin aiki ne, sai an yi masa magani. Hanyar da aka fi bi ita ce a zuba gasasshiyar farar ƙasa a ɗaga pH zuwa 9 ko 11 don ƙarafa su daskare su kwanta. Amma kowane ƙarfe da inda ya fi kwanciya: kromiyam nau'i na uku wajen 8, tutiya da dalma wajen 9 zuwa 10, kadmiyam sai wajen 11, kuma in aka zarce, dalma da tutiya na sake narkewa. Kromiyam nau'i na shida ba ya kwanciya sam sai an fara mayar da shi nau'i na uku a pH 2 zuwa 3. Arsanik gishirin sinadarin ayon yake buƙata ya kama shi. Amoniya da narkakkiyar ruɓa na riƙe ƙarafa su hana su kwanciya, shi ya sa adadin sinadarin da ya yi aiki a wani juji ba lallai ya yi a wani ba, sai an gwada a kwalabe tukuna, a kuma sake gwadawa in yanayi ya juya. Na'urar tacewa mai matsi na fitar da ruwa mai kyau, amma tana barin kusan rubu'in ruwan ɗauke da dukan gubar. Wannan ragowa, da lakar da ta kwanta a tanki, shara ce mai haɗari. In aka mayar da ita kan buɗaɗɗen juji ko aka bai wa manoma, an gudu ba a tsira ba. A cakuɗa ta da siminti a binne a keɓaɓɓen rami mai shimfiɗa. Haka ciyayin fadamar da ake shukawa don tace ruwan, kada a bari dabba ta ci su.

Mun san yawancinku tsohon juji kuka gada, marar shimfiɗa, kuma ba za a iya ɗaga shi a sa masa ba. Duk da haka akwai abin yi, kuma a ganinmu ga yadda ya kamata a jera shi. Farko a gwada duk rijiyar da ke cikin mita 500 ta ɓangaren gangare. Wadda ta wuce iyaka a rufe ta, amma a kawo wa mutanen wani ruwan a ranar, domin rijiyar da aka rufe ba tare da madadi ba za a buɗe ta da dare. Bayan haka a hana ruwa shiga: a haƙa magudana a kewaye don ruwan da ke gangarowa daga waje ya zagaye jujin, a taƙaita zuba shara a ƙaramin fili guda maimakon ko'ina, sauran a daɓe shi, a yi masa gangaren da bai fi ɗaya cikin uku ba a gefe, a rufe da yumɓu da ƙasar shuka, a bar bututan fitar iskar metan. A gindin tulin a yi lambatu mai tsakuwa da bututu ya kai ruwan tafki mai shimfiɗa, wanda aka auna girmansa da watan da ya fi ruwa, ba da matsakaicin shekara ba. A kashe wuta, a hana kunna ta.

Sai batun ƙofa, wanda muka ce za mu dawo kansa. Abin da bai shiga juji ba, ba sai an cire shi daga ruwa ba, kuma raba batir da shara a bakin ƙofa ya fi duk wata na'ura araha nesa ba kusa ba. A sa mai duba kaya a ƙofa da ikon mayar da mota. A hana sharar majema, ta masana'antu da ta asibiti haɗuwa da ta gida. A tanadi rumfa mai daɓen siminti da rufi don batura, ƙwayayen lantarki da tarkacen lantarki, a kuma wajabta wa masu shigo da su da masu sayarwa karɓar tsoho idan an sayi sabo. 'Yan jari-bola sun fi kowa sanin abin da ke cikin kowace mota, kuma su ne gubar ke fara ci. Korarsu ba ta taɓa yin aiki ba. A yi musu rajista, a ba su safar hannu, takalma da wurin wanka, a saye batir daga hannunsu a dunƙule kan farashin da ya fi abin da za su samu in sun fasa shi, a kuma hana yara shiga wurin kwata-kwata.

Ga ma'aikatun lafiya, muna roƙon a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara shida da mata masu juna biyu a unguwannin da ke maƙwabtaka da juji. In gwajin ɗan yatsa ya nuna yawa, a tabbatar da jinin jijiya, domin ƙurar da ke kan fata na iya ɓata sakamako. Daga maikrogiram 5 a desilita a bi yaron gida a nemo tushen. Daga 45 ana buƙatar maganin da ke fitar da dalma a ƙarƙashin kulawar likita, amma maganin ba shi da amfani in za a mayar da yaron ga ruwa da ƙasar da suka sa masa cutar. Ga manya masu aiki a juji, a duba fitsari don kadmiyam, arsanik da alamun raunin ƙoda. Ma'aikatan ƙananan asibitoci su saba tambayar marar lafiya inda yake ɗiban ruwa da sana'ar gidansu.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne a bayyana sakamakon. Duk awon da aka yi da kuɗin jama'a a liƙa shi a inda mutanen unguwa za su gani, da sunan rijiyar, ranar ɗiba, adadin da aka samu da iyakar da aka halatta, cikin harshen da suke ji. A ware wa kula da ruwan juji layinsa a kasafin kuɗi, da man famfo, sinadarai da albashin masu awo, domin mun sha ganin an gina tafki da bututu da kuɗin tallafi, bayan shekara biyu babu mai kunna famfo. A kuma ambaci jami'i guda, da sunansa da muƙaminsa, wanda za a tambaya idan rijiya ta gurɓace. Muna fatan kafin damina mai zuwa kowace hukuma za ta fitar da taswirar jujinta, da rijiyoyin da ke kewaye da shi, da sakamakon gwajin farko. A shirye muke mu duba tsarin ɗiban samfur da na gini tare da ma'aikatanku a duk lokacin da kuka neme mu.

Mun gode da sauraro. Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Gungun injiniyoyin muhalli, masu gwajin ruwa da ƙasa, da ma'aikatan lafiyar al'umma